Ƙaguwa Mai Toshe

Bana ruwa ya yi mana irin abin da ya yi a shekarar da na yi goyon fari. Ya sauko sau ɗaya mai yawa, mutane suka fita da sungumi, daga nan sama ta wanke tas kamar an ɗauraye kwano. Kwana ashirin ba ko ɗigo. Da hantsi in ka dafa ƙofar ƙarfe sai ka janye hannu. Ni yanzu ba gona gare ni ba, cikin garin Ƙaura nake zaune, amma wanda ya taɓa ganin gero ya murɗe yana tsaye, in ya ɗaga kai ya ga irin wannan sama ya san abin da ke tafe.

A cikin wannan zafi autata Rabi ta dawo daga jami'a da jaka cike da kwalabe masu ruwan maganin da ke hana mataccen abu ruɓewa. Aikin ƙarshen karatunta ke nan. Malaminsu yana tattara ƙaguwoyin ruwan ƙasar nan, yana so a san iri nawa ne, wacce ke nan da yawa, wacce kuma ke ƙarewa har take bukatar a kare ta. Yayyenta sun yi ta tsokanarta, wai an kai ta boko ta dawo da kamun ƙaguwa. Ba ta kula su ba. Ta bi masunta bakin gulbin Gagare, ta sa wani direba ya taho mata da wasu daga kasuwar Shinkafi. Kullum da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, ta auna bayan kowacce da wani ɗan ƙarfe mai baki, ta kifar da ita ta duba cikinta, ta rubuta.

Ran nan ina tsintar wake kusa da ita sai ta yi tsaki, ta ce duk wahalar banza ta yi, ƙaguwa talatin amma iri ɗaya. Na leƙa kwalaben, bakina ya riga hankalina.

"Ai dole. Waɗannan duk na gulbi ne. Babu mai toshe ko ɗaya."

Ta ajiye biro. "Inna, wace ce mai toshe? Ina ake samun ta?"

Na san inda ake samun ta. Fadamar ƙauyen da aka kai ni aure ce, can bayan Zurmi, ƙauyen da yau shekara huɗu ba wanda ya kwana a ciki tun da 'yan bindiga suka tashe shi. Na kuma san Rabi. Na ce mata wake zan ɗora, na tashi.

Shekara arba'in ke nan ko kusa. Mu huɗu ne a gidan: maigidana, da uwarsa Gwaggo Kulu wadda ƙanwar babana ce, da ni, da jaririn da ke bayana, babban yayansu Rabi, wanda ba na faɗin sunansa. Daminar da ta wuce ba ta ba mu komai ba. Sau uku aka yi shuka. Ta farko ta ƙone tun tana idon sawu, ta biyu ɓeraye suka tone, ta uku ta kai gwiwa ta fid da kai kamar ɗan yatsa, ba ƙwaya. Da kaka maigidana ya share rumbu, ya bar mana abin da ya samu, ya bi maza cin rani.

Mun ci rani da dusa da busasshiyar tafasa. Gwaggo ce ke auna komai, da ludayi guda mai tsaga. Da safe kunu, tsinkakke har kana hango gindin ƙoƙo. Da rana ba a hura wuta. Da yamma ɗan tuwon dusa, a tsoma a ruwan kuka. Da bazara ta shigo muka koma hanza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. To ruwan ne kuma ya zama magana. Rijiyar gari ta fara ba da laka. Tun da sassafe mata ke layi, a zura guga a jira, ta fito da abin da bai cika kwano ba. Gulbin Bunsuru tafiyar rabin yini ce daga wurinmu, kuma ko ka je yashi ne, sai ka yi tono ya shanye tsayinka.

Sai ruwa ya sauko sau ɗaya, kamar bana. Muka shuka irin da Gwaggo ta ɓoye a gora, mu biyu, ita tana sara ina binnewa. Sannan ya ɗauke. Har yau ina jin iskar kwanakin nan, busasshiya, mai zafi kamar daga bakin murhu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta tsage. Nonona ya janye. Yaron ya daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan sauti kamar na ɗan akuya, maɗigarsa ta faɗa har ina iya sa yatsa a wurin.

Ranar da rijiya ta ƙafe gaba ɗaya, Gwaggo ta ɗauki dagi ta ce in ɗauko tulu da ƙoƙo in biyo ta. Na ɗauka Bunsuru za mu. Sai ta nufi fadama, inda laka baƙa ta dare, tsagar tana cin ƙafa har idon sawu. Ba wani kore sai itatuwan giyayya a tsaitsaye. Muna tafe tana gaya mini ƙaguwa iri uku ce. Akwai ta gulbi, baƙa mai faɗin baya, in gulbi ya janye sai ta bi shi ko ta mutu. Akwai ƙarama ja mai yanke shinkafa. Sannan akwai mai toshe, mai tudun baya, launinta kamar na tsohuwar ƙwarya.

"Wagga ba ta bin ruwa a bisa," in ji Gwaggo. "In ruwa ya tahi, ƙasa takan bi shi. Ta rufe ƙofatta da laka, ta yi ta gina. Inda tat tsaya, nan ruwa shike."

Ta koya mini karatun rami. Wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa, babu kowa a ciki. Wanda ke buɗe, bakinsa ya yi sumul, mai shi ta daɗe da barinsa, wani ya tare, kuma kububuwa ce ta fi son irinsa. Wanda ake nema shi ne mai toshiyar laka daga ciki, curi-curi. In ka fasa toshiyar sai ka kara kumatu. In ka ji sanyi da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙa, to ka samu.

A gindin wata giyayya muka samu. Muka yi ta bin ramin da dagi, tana sara ina kwashe ƙasa, yaron na kwance a inuwa kan zane. Rana ta take tsaka ramin ya kai mini ƙirji. Sai lakar ta fara kama hannu. Sai na ga wurin yana sheƙi. Ruwa ne, fari kamar tsinkakken koko, yana tsattsafowa a hankali. Na sha ƙoƙo biyu a jere.

Ƙaguwar na nan a ƙarshen ramin, ta ɗaga manyan hannuwanta. Gwaggo ta kama ta ta baya, ta kifar da ita, ta ɗaga marfin cikinta da farce. 'Ya'ya ne cike, ƙanana kamar ƙwayar dawa, suna motsi. Ta ƙwaƙule mata wani ɗan lungu a jikin lakar mai laima, ta sa ta, ta rufe. Ta ce ita ta nuna mana ruwa, ba a taɓa ta, haka suka taras ana yi, balle mai goyo.

Kwana huɗu muna ɗiban tulu guda a ramin, maƙwabta ma suka fara biyo mu. A na biyar ƙafar Gwaggo ta kumbura, na tafi ni kaɗai. Ba zan ce ban yi niyya ba, don da ashana na fita. Wata uku rabona da wani abu mai kama da nama. Na tono ta daga lungun da aka sa ta, na haɗa 'yan karare bayan giyayya, na gasa. Na ci naman, na tauna ƙafafun, na ci har abin da ke cikin marfin. Ƙoƙon bayanta kaɗai ya rage. Na ji tsoron yar da shi a wurin kar a gani, sai na ƙulle a bakin zane, da na koma gida na tura shi ƙarƙashin tsumma a cikin kwallata.

Washegari nono ya ɗan zo. Bayan kwana biyu ruwan ramin ya ragu. A na uku sai laka. A ranar kuma yaron ya fara gudawa.

Yanzu da na girma na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya cewa gida shida ne ke ɗiba a rami ɗaya, dole ya ƙafe. A lokacin ba haka na gani ba. Na ga ni ce na ci uwa da 'ya'yanta, ga shi za a karɓi nawa. Ko tuwon dusar na kasa haɗiyewa. In yaron ya yi shiru sai in kasa duba shi, in kuma kasa barin dubawa. Da azahar na durƙusa gaban Gwaggo na gaya mata.

Ta dubi ƙafarta. "Na sani. Ƙauri na nan ga zanenki tun rannan. Nono ya zo?"

Na ce ya ɗan zo.

"To. Ko don ke ramin ya ƙahe, ko ba don ke ba, Allah as sani. Ni dai ƙafata ba ta zuwa. Ke za ki nemo muna wani."

Na goya yaron na ɗauki dagi. Fadamar ba kowa, ko tsuntsu. Na fasa toshiya biyu, na kara kumatu, iska mai ɗumi ce ta fito. Na samu wani rami babba a buɗe, mai zurfi, raina ya ce mai girma haka ai ya kai ruwa. Har na durƙusa na naɗe hannun riga. Sai na tuna, na dubi bakinsa. Sumul. Na jefa ɗan hoge a ciki. Sai na ji ƙarar nan ta kububuwa, kamar an yayyafa ruwa a garwashi. Ban san lokacin da na kai wata giyayyar ba. Na tsaya, na miƙa hannu baya na kama ƙafar yaron. Da ɗumi. Haka na yi ta yi duk yinin, in yi taku goma in kama ƙafarsa.

Sai da inuwa ta yi tsawo na samu toshiya mai sanyi. Na yi tono har tafin hannuna ya saɓule. Na samu ruwa, na samu mai ramin, na yi mata lungu na rufe ta da hannu biyu. Wannan ramin ne ya riƙe mu, muna tafasa ruwan muna ɗura wa yaron da ludayi, har ranar da hadari ya haɗo daga gabas, kwana goma sha ɗaya bayan nan. Yaron ya tashi. Yau ga shi da furfura a gemu. Ƙoƙon kuwa ya bi ni duk inda kwallata ta je, har Ƙaura. Ban taɓa nuna wa kowa ba.

Kwana uku Rabi tana bina da tambaya ina kaucewa. A na huɗu na ji ta a zaure tana waya da wani mai kabu-kabu, tana tambayarsa ko yana shiga ƙauyukan bayan Zurmi, in an fita da sassafe a dawo kafin azahar. Da ta shigo ta ce mini ba ta son ɓoye mini komai. In ban faɗa ba, akwai matan ƙauyenmu da ke gudun hijira a makarantar firamare, za ta tambaye su, ɗaya za ta faɗa. Na gaya mata abin da ya sami waɗanda suka koma ɗauko hatsinsu bara. Ta ce ta sani, amma awa biyu kawai take bukata.

Sai na yi dabarar da na ɗauka za ta tsayar da ita. Na buɗe kwalla na ɗauko ƙoƙon, na ce ga mai toshe, ta auna ta rubuta, magana ta ƙare. Ta juya shi a tafin hannu, ta shafa gefensa, ta ɗauki hoto ta aika wa malaminsu. Kafin in idar da sallar la'asar ya kira ta. Ina jin muryarsa daga inda nake, yana magana da sauri. Wai ba ta yi kama da waɗanda suke da su ba, amma ƙoƙo ba ya isa, sai an samu cikakkiya, kuma namiji, don a jikin namiji ake rarrabe iri. Rabi ta ajiye waya idonta yana ƙyalli. Ni kuwa na zauna kan sallaya na ga da hannuna na ƙara wa abin wuta.

Da safe na ce mata ba sunan gari take bukata ba. Mai toshe ba ta san sunan gari ba, laka baƙa ta sani, da giyayya, da wurin da ruwa ke kwanciya wata uku. Na ce ta ba ni kwana uku mu duba gefen Ƙaura, iyakar inda ake jin kiran salla. In ba mu samu ba, zan faɗa. Ban san ko da gaske zan faɗa ba.

Ranar farko muka bi fadamar da na sani ta yamma da gari. Gidaje ne yanzu, da wurin buga bulo. Ranar biyu muka samu laka baƙa, amma an yi mata feshin maganin ciyawa shekara da shekaru, ƙasar ta yi fes. Ramuka biyu muka gani, duka da saƙar gizo-gizo. Rabi tana rubutawa, ni ina lissafin saura kwana ɗaya. A hanyar dawowa ta ce, ba da nufin komai ba, wataƙila yanzu inda mutane ba sa iya zuwa ne kawai suka rage.

Ranar uku, bayan wani tsohon kududdufi da aka fara cikewa da shara, na hango kututturen giyayya ya yi toho. Na ce mu je. Gwiwoyina ba na da ba ne, sai da Rabi ta riƙe ni na durƙusa. Ƙarƙashin saiwa, ga toshiya curi-curi. Na fasa na kara kumatu. Sanyin nan ne, da ƙamshin nan, ba abin da ya sake. Muka yi tono da dagin maƙwabta. Rabi ta ce in bari ita ta sa hannu, na ce ba ta san kamun ba.

Na fito da ita na kifar. Marfin cikinta mai faɗi ne. Na ɗaga da farce. 'Ya'ya cike.

Shekara arba'in ina riƙe da alkawarin da na yi wa kaina, ba zan sake taɓa mai goyo ba. Na miƙa mata. "Buɗe kwalbar ki sa ta. Ki kai wa malaminku wannan, ki ce ita kaɗai aka samu."

Rabi ta dube ni, ta dubi ƙaguwar. Ban gaya mata labarin ƙoƙon ba. "Inna, ba za a sa wannan ba. Kwana uku muna yawo ita kaɗai muka gani. Kuma namiji ake so."

"To ke fa?"

"In akwai mace da 'ya'ya, akwai namiji kusa. Yaushe suke fitowa?"

Na ce sai an yi ruwa mai ƙarfi, su buɗe ƙofa su fito yawo da safe. Ta ce to za ta jira ruwa. In an yi ruwa ba a ga namiji ba, sai mu sake magana. Ta auna, ta ɗauki hotuna, ni na yi lungu na mayar da ita.

Kwana tara muka jira. Manoma na roƙon ruwa don gero, ni ina roƙon nawa. Kullum in na idar da sallar asuba, kafin in dubi sama sai na dubi ƙofar ɗakinta, in ga takalmanta na nan. Mai kabu-kabun ya kira sau biyu. Sau biyu ina jin ta tana cewa tukuna.

Ran na tara da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe shanya, aka yi ruwa har ya shigo zaure. Gari na wayewa muka fita, laka na cire mana takalma. A gefen kududdufin, cikin ciyawar da ruwa ya kwantar, uku ne ke tafiyarsu ta gefe. Ta biyun da na kifar, marfin cikin siriri ne, irin na namiji. Rabi ta buɗe kwalba. A wurin, tana tsaye cikin laka, ta kira mai kabu-kabun ta ce ya bar zancen. Na zauna a kan kututturen giyayya.

Da yamma tana cike takardar malaminsu. Ta rubuta sunan da muke kiranta, ta rubuta bulo da feshi da sharar da ake zubawa a kududdufin. Sai ta ce akwai layin da ake sa wasu wuraren da ake tsammanin samun ta, don masu zuwa nan gaba. Ta turo mini takardar da biro, tana murmushi, ta ce tunda na iya rubutu in sa da hannuna.

Na riƙe biron. Na tuna yadda muryar malamin ta yi sauri a waya. In sunan ya shiga takardar nan, wata rana ɗiyar wata za a ba jaka da kwalabe. Na mayar mata da takardar layin yana fari. Na yagi gefen wata tsohuwar takarda, na rubuta sunan ƙauyenmu a hankali, harafi bayan harafi, na naɗe na sa cikin ƙoƙon, na mayar kwalla na rufe. Na ce mata ranar da na ji mata sun koma fadamar nan da tulu, ni da kaina zan buɗe in ba ta.